Sanyi da ruwan sama a ƙasar waje: Yadda za a zaɓi wandon ulu mai kare lafiya

A 'yan makonnin nan yawancin saƙonnin da ke shigo mini sun karkata ne wuri guda. Iyaye da matan aure da ɗalibai suna tambayar irin magungunan da ya kamata mai tafiya Ingila ko Kanada ko Jamus ya zuba a jakarsa saboda sanyi. Wata uwa daga Legas ta turo jerin abin da ta saya wa ɗanta mai shirin tafiya karatu birnin Gilasgo: maganin mura, maganin tari, man zafi, farasitamol da jaket masu kauri guda 2. A ƙarshen saƙon ta ce batun wando kuwa babu damuwa, domin yana da jins har guda 5.

To, wancan abin da ta ce babu damuwa a kansa, shi ne batunmu na yau. Babu wani magani a kantinmu da zai hana jikin mutum yin asarar ɗuminsa idan ya tsaya a waje da jiƙaƙƙen wando, iska tana kaɗa shi. Mutanenmu idan za su sayi kayan sanyi sukan ƙare kuɗinsu a kan jaket da hula, su manta da ƙafafu. Alhali a lissafin da likitoci ke amfani da shi wajen auna girman ƙuna, kowace ƙafa ta babban mutum, daga cinya zuwa tafi, kashi 18 ce cikin 100 na fatar jiki. Ƙafafu biyu kashi 36 ke nan. Wanda ya rufe ƙirji ya bar ƙafa a jiƙe ya bar fiye da sulusin jikinsa a hannun sanyi.

Sanyinsu ba irin namu ba ne

Hunturun da muka saba da shi busasshe ne. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, amma tufafi suna nan a bushe, rana kuma tana fitowa kafin hantsi. A biranen Birtaniya irin su Mancesta da Gilasgo, daga Disamba zuwa Fabrairu, ma'aunin zafi yakan tsaya ne tsakanin digiri 1 zuwa 7 a mafi yawan kwanaki, ga yayyafi da ba ya ɗaukewa, ga iska. Mutum zai duba wayarsa ya ga digiri 5, ya ce ai ko ƙanƙara ba ta yi ba. Nan ne kuskuren yake, domin ruwa yana janye zafi daga fata fiye da iska da kusan ninki 25.

Zafin cikin jikin mai lafiya yana kusa da digiri 37 ne. Idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga matsalar da likitoci ke kira haifotamiya, wato sanyi ya fi ƙarfin jiki. Ƙasa da 32 hankali yakan fara gushewa, ƙasa da 28 kuwa zuciya na iya tsayawa.

Wannan ba ya buƙatar dusar ƙanƙara. A watan Maris na 1964 matasa 3 'yan sikawut suka rasu a wata gasar tafiyar ƙasa a tsaunukan Pik Distirik da ke Ingila. Ma'aunin zafi bai kai sifili ba a ranar, ruwan sama ne da iska suka gama da su. Dokta Griffith Pugh, masanin da ya raka tawagar da ta fara hawa ƙololuwar dutsen Ebares a 1953, ya gwada irin tufafin da matasan suka sa, ciki har da wandon jins, ya gano cewa da zarar sun jiƙe iska kuma ta taso, kariyar da suke bayarwa takan ragu har ta kusa zama babu. A watan Mayun 2021 ma, 'yan tsere 21 suka mutu a lardin Gansu na ƙasar Sin bayan ruwa da ƙanƙara da iska sun rutsa da su a kan tsauni da gajerun wanduna. Waɗannan mutane ne majiya ƙarfi, ba marasa lafiya ba.

Yawancin 'ya'yanmu da ke can ba tsauni suke hawa ba, amma ayyukan da suke yi na waje ne: kai saƙo a kan keke, gadi, aikin gini, ko kula da tsofaffi gida-gida inda za a daɗe a tsaye ana jiran bas da asuba. A nan gida ma akwai inda wannan magana ta shafa kai tsaye. Wanda ya taɓa yin damina a Gembu ko Nguroje a kan tsaunin Mambila, ko ya hau babur cikin ruwan Agusta a Jos, ya san yadda sanyi da jiƙa suke idan sun haɗu.

Me ya sa jins ke cin amana?

Tufafi ba su ke samar da ɗumi ba. Jiki ne ke samarwa, aikin tufa shi ne ta riƙe iskar da jikin ya ɗumama a kusa da fata. Jins auduga ce, ita kuwa auduga tana shan ruwa kamar soso. Idan ta jiƙe sai ruwan ya kori iskar da ke tsakanin zarurrukan, yadin ya manne wa cinya, ya riƙa zuƙe zafin jiki. Ga shi kuma tana daɗewa ba ta bushe ba. Wannan hali na auduga shi ya sa take da daɗi a zafin Maris da Afrilu, shi ne kuma ya sa take da haɗari a hunturun Turai. Shadda da atamfa da wandon kaki duk hukuncinsu ɗaya.

Ulu kuwa gashin tunkiya ne, kuma sinadarin da aka gina shi da shi, wato keratin, shi ne dai na gashin kanmu. Kowane sili a lanƙwashe yake, ba ya kwanciya, don haka ko ya yi laima akwai sauran gurbin iska a tsakanin silin. Bayan silin yana da ɓawo mai tunkuɗe ɗigon ruwa, shi ya sa yayyafi kan tsaya a saman ulu kamar raɓa a kan ganye. Cikinsa kuma yana iya shanye danshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da hannu ya ji shi a jiƙe ba. Wani abin mamaki shi ne, a lokacin da ulu ke shan danshi yakan saki ɗan zafi kaɗan, wanda ke rage wa mutum kaifin sanyin farko idan ya fito daga ɗaki. Haka nan ba ya saurin ɗaukar warin gumi.

Abubuwa 5 da za a duba kafin a biya kuɗi

Na farko, a karanta ƙyallen bayanin da ake ɗinkawa a cikin wandon. Ba duk abu mai gashi-gashi ne ulu ba. Yawancin kayan sanyi masu araha da ke kasuwanninmu akirilik ne ko foliyesta, wato dangin roba. A nemi inda aka rubuta "wool" da adadinsa. Kayan Faransa "laine" suke rubutawa, na Jamus "Wolle", na Italiya da Sifen "lana". Don aikin waje, a nemi mai ulu kashi 80 zuwa sama. Idan sauran kashi 10 zuwa 20 nailan ne, ba aibi ba ne, yana ƙara wa gwiwa da mazauni ƙarko. Wanda aka gauraya da auduga mai yawa ne za a guje wa. Akwai kuma tambarin Woolmark, mai kama da ƙullin zare, wanda aka fara amfani da shi a 1964. Na asalin yana nufin sabon ulu ne zalla, wanda aka rubuta Woolmark Blend kuma yana nufin ulun ya kai aƙalla rabi.

Idan a gwanjo ake saye, a Katangowa ta Legas ko Ƙofar Wambai ta Kano ko wata kasuwar, kuma ƙyallen ya goge, akwai gwaji mai sauƙi. Da izinin mai kaya, a zaro zare ɗaya daga cikin kalmasa a kusantar da shi ga ashana. Ulu zai yi ƙauri irin na babbakar kan rago, ya mutu da kansa, tokarsa ta murmushe a yatsa. Na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri, yana warin leda. Auduga za ta ci da sauri tana warin takarda.

Na biyu shi ne nauyin yadin. Wandon kwat na zuwa ofis shi ma sau da yawa ulu ne, amma siriri ne, nauyinsa bai cika wuce giram 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita ba. Wannan ba zai yi wa mai gadi komai ba. Don zirga-zirgar gari a nemi mai giram 350 zuwa 450. Wanda zai wuni a tsaye a waje ya nemi mai giram 500 zuwa sama. Kada lambobin nan na "Super 120" ko "Super 150" su ruɗi kowa. Laushi da sirantar silin suke nunawa, ba ɗumi ba, kuma yawanci mai babbar lamba ya fi saurin lalacewa a aikin ƙarfi.

Na uku, a duba tsananin saƙar. Iska ita ce abokiyar gabar ulu mai sako-sako. A ɗaga ƙafar wandon a kalli fitila ta cikinta. Idan haske na ratsowa sosai, iska ma za ta ratsa. Ko a ɗora yadin a baki a hura, a tara tafin hannu ta ɗaya ɓangaren. Mafi kariya su ne yadukan da bayan an saƙa su aka dake su da ruwa da sabulu har suka cure suka toshe, irin su Loden na makiyayan tsaunukan Ostiriya da Melton na Ingila wanda ake ɗinka manyan kwat da shi. Tuwid ma ya dace, musamman Harris Tweed da ake saƙawa da hannu a tsibiran yammacin Sikotilan, wanda majalisar Birtaniya ta yi wa doka ta musamman a 1993. Mutanen da ke rayuwa a cikin ruwa da iska ne suka ƙirƙiro waɗannan yaduka. Tsofaffin wandunan ulu na sojojin ƙasashen Turai, waɗanda ake sayarwa a shagunan rarar kayan soja a can, suna da wannan inganci a farashi mai sauƙi. Sai dai a zaɓi mai launi ɗaya maras tambarin soja, kuma a nan Najeriya kada a sa mai ɗige-ɗigen kaki, domin doka ta hana farar hula.

Na huɗu, yadda ya zauna a jiki. Matsattsen wando ba ya ɗumi. Ba shi da gurbin ajiye iska, yana kuma takura jini a lokacin da jijiyoyin fata suka riga suka tsuke saboda sanyi. A sayi wanda za a iya sa wani siririn wando a cikinsa kuma a durƙusa ba tare da hantsar ta ɗaure ba. Ƙugunsa ya hau sama ya rufe gadon baya idan an sunkuya. Ƙafarsa ta sauka kan takalmi amma kada ta ja ƙasa, domin bakin wando da ya taɓa ruwa zai riƙa janyo shi sama. Tunda ulu na iya ɗan tsukewa a wanki, wanda ya ɗan yi yawa ya fi wanda ya yi cif-cif. Tela zai iya ragewa, amma ba zai iya ƙarawa ba.

Na biyar, shafin ciki da ɗinki. Wasu wandunan ana yi musu shafi zuwa gwiwa, wanda ke rage ƙaiƙayi da shigar iska. A tabbatar shafin ba auduga ba ne. A juya wandon a duba hantsa da gwiwa da bakin aljihu, nan ne ulu ke fara cinyewa. A duba ƙananan huji, alamar asu ce, kuma inda aka ga ɗaya akwai wasu.

'Yan'uwana mata, wannan magana har da ku. Siket ko abaya ko zane a kan siririyar safa ba kariya ba ce, iska ta ƙasa take shiga. A sa wandon ulu ko doguwar safar ulu mai kauri a ciki, sannan a ɗora abin da aka saba sawa. A kula kada bakin abaya ya riƙa shan ruwan titi yana shafa wa ƙwauri.

Ulu ba rigar ruwa ba ne

Kada a ɗauka da an sayi wandon ulu an gama. Yana jure yayyafi da dusar ƙanƙara, amma ruwa mai ƙarfi zai ratsa shi. Idan ya jiƙe sharkaf yakan yi nauyi, ɗuminsa ya ragu, kuma ya daɗe bai bushe ba. Fifikonsa a kan auduga shi ne bai cika rasa ɗuminsa gaba ɗaya ba.

Tsarin da ya fi aiki hawa 3 ne. A jikin fata, siririn dogon wando na ulun marino ko na foliyesta mai janye gumi, ba na auduga ba. A tsakiya, wandon ulun. A waje kuma, idan ruwa ya sauko da gaske, wandon ruwa marar nauyi wanda ake naɗewa a jefa a jaka. Mai aikin keke ya sani cewa gumi ma jiƙa ne. Gara ya fito yana ɗan jin sanyi jikinsa ya ɗumama a hanya, da ya jibga kaya ya yi gumi sannan ya tsaya iska ta busa shi. A wuraren da sanyinsu busasshe ne mai tsanani, kamar birnin Winifeg na Kanada inda ake sauka ƙasa da sifili da digiri 20 ko fiye, ana buƙatar wando mai cushe na musamman a saman ulun.

A haɗa da safar ulu da takalmin da ruwa ba ya shiga, a kuma riƙe busasshiyar safa a jaka. Ƙafar da ta wuni a jiƙe cikin sanyi na iya kamuwa da ciwon da ya addabi sojoji a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya: ta mutu, ta kumbura, daga baya ta riƙa zugi na watanni ko shekaru. Yana faruwa ko da sanyin bai kai na ƙanƙara ba. Binciken likitocin rundunar sojan Birtaniya ya nuna sojoji 'yan asalin Afirka sun fi takwarorinsu Turawa kamuwa da irin wannan rauni nesa ba kusa ba. Don haka kada ɗanmu ya ga Bature da gajeren wando a Disamba ya ce shi ma zai iya.

Waɗanda ya kamata su fi kowa kula

Masu cutar sikila su ne a sahun gaba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, ana kiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Sanyi yana tsuke ƙananan jijiyoyi, jini ya rage gudu, ƙwayoyin jinin su maƙale, ciwo ya tashi. Ga mai sikila, wuni ɗaya da jiƙaƙƙen wando na iya zama kwanaki a gadon asibiti. Ya sayi kayan sanyinsa kafin komai, ya riƙa shan ruwa ko da ba ya jin ƙishi, kuma ya yi rajista da likita a makon farko da ya sauka.

Masu ciwon suga da ya taɓa jijiyoyin ƙafa ba sa jin sanyin yadda yake, don haka su riƙa duba ƙafafunsu kullum da dare. Masu hawan jini da ciwon zuciya su sani cewa sanyi na ɗaga jini. Ƙananan yara sun fi manya saurin asarar zafi, tsofaffi kuma jikinsu ba ya saurin sanar da su.

Akwai kuma batun magunguna, wanda shi ne fannina. Atenolol da propranolol da danginsu suna sa hannu da ƙafa su yi sanyi. Magungunan barci da na kwantar da hankali irin su diazepam, da wasu na taɓin hankali irin su chlorpromazine, suna raunana yadda jiki ke daidaita zafinsa. Tramadol da kodin suna dusashe hankali har mutum ya kasa gane halin da yake ciki. Barasa kuwa yaudara ce: tana buɗe jijiyoyin fata mutum ya ji ɗumi, alhali zafin cikinsa ne ke fita. Sigari na tsuke jijiyoyin yatsu. Ban ce kowa ya daina maganin da likita ya ɗora shi a kai ba. A ci gaba da sha, a ƙara kula da sutura, a kuma shaida wa likita ko mai haɗa magunguna irin aikin da ake yi.

Ƙaiƙayi, man shafawa da wuta

Da yawa suna cewa jininsu bai haɗu da ulu ba. A mafi yawan lokuta ba borin jini ba ne, kaurin silin ne ke sukar fata. Ana auna silin ulu da maikuron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Sili da ya haura maikuron 30 yana tsira wa fata kamar ƙaya, na tumakin marino kuwa, waɗanda asalinsu daga Sifen ne kuma Ostareliya ta fi kowa kiwonsu a yau, yakan kasance ƙasa da 24, sai ya lanƙwashe maimakon ya soki mutum. Maganin ƙaiƙayin shi ne siririn wandon ciki da muka ambata. Masu kirci da jarirai kada a sa musu ulu mai kaushi a jikin fata kai tsaye. Akwai 'yan kaɗan da jikinsu ba ya son lanolin, wato man da ke jikin gashin tunkiya, wanda kuma ake sawa a mayukan shafawa da yawa. Wanda ya ga ƙuraje da ja a duk inda ulu ko irin waɗannan mayuka suka taɓa, ya ga likitan fata.

Ta fuskar wuta, ulu ya fi sauran aminci. Ba ya kamawa sai zafi ya kusa digiri 600, kuma ba ya narkewa. Foliyesta da nailan kuwa suna narkewa su manne wa fata, ƙunarsu tana da muni. Mai jin ɗumin wuta ko mai aikin walda ya lura da wannan. Amma akwai gargaɗi. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ja hankalin jama'a cewa mayukan laushin fata, masu farafin da ma marasa shi, suna taruwa a tufafi su sa su saurin kamawa da wuta, kuma wanki ba ya fitar da su duka. Mu da muke shafa basilin sosai a lokacin sanyi, mu nisanci kyandir da murhu da hita mai buɗaɗɗiyar wuta.

Wanki da ajiya

Ulu ba ya son yawan wanki. A bar laka ta bushe a goge ta da buroshi, a rataye wandon ya sha iska. Idan wankin ya zama dole, a bi abin da ƙyallen ya ce. In ya halatta ruwa, kada zafinsa ya wuce digiri 30, a yi amfani da sabulun ulu ko shamfu mai sauƙi. Kada a cuɗa, kada a murɗe, kada a sa bilic, kada a yi amfani da garin sabulu mai sinadarin narkar da tabon abinci, domin yana cin gashin kansa. Ruwan zafi da cuɗawa ke sa ɓawon silin ya sarƙe, wandon babba ya koma na yaro, kuma ba ya dawowa. A naɗe shi a tawul a danne ruwan, a shimfiɗa shi ya bushe nesa da hita.

Wajen ajiya, asu ne abokin gaba. A wanke kafin a ajiye, a sa a leda mai rufewa ruf. Wandon gwanjo a ɗaure shi a leda a sa a firiza na mako guda don kashe ƙwan asu. Ina roƙon iyaye mata su guji ƙwallayen kafur ɗin nan farare da ake jefawa a akwati. Yawancinsu naftalin ne, wanda ke farfasa ƙwayoyin jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, kuma wannan ƙaranci ya yawaita a tsakaninmu, musamman ga maza. An daɗe da sanin yana jawo shawara mai tsanani ga jarirai sabbin haihuwa ta hanyar tufafin da aka ajiye da shi. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi tun 2008.

Idan sanyi ya riga ya kama mutum

Alamun farko su ne karkarwa mai ƙarfi, yatsu su kasa ɓalle maɓalli, magana ta riƙa sarƙewa, tafiya ta zama tangaɗi, mutum ya rikice ko ya riƙa jin barci. Idan karkarwar ta tsaya alhali yana cikin sanyin, ba sauƙi ya samu ba, abin ne ya tsananta. A kira motar asibiti nan take: 999 a Birtaniya, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Kanada da Amurka. Kafin su iso a shigar da shi ɗaki a hankali, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi da busasshen bargo har kai. In yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi shayi mai ɗumi da sukari. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a tsoma shi a ruwan zafi, kada a kanga shi da wuta, kada a ba shi barasa.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Wando 1 na ulu mai nauyi, da na ciki 2, da na ruwa 1, da safar ulu ƙafa 3, sun isa mutum ya fara hunturunsa na farko, ya ƙara sauran a can bayan ya ga yanayin garin da aikinsa. In kuɗin ba su kai ba, a rage jaket ɗaya a sayi wandon.

A mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu duba haɗarin kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. A ci gaba da turo tambayoyi. Mu kwana lafiya.